Neman shawara: motar ziyara ta kanmu a Madina, da tsofaffi biyu a tafiyar

Nura, Riyad:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mutanen Madina nake nema. Hajiyarmu da ƙanwarta za su zo Umara wata mai kamawa, tare da yayana da matarsa da ɗansu mai shekara tara, da ni mu shida ke nan. Kwana uku za mu yi a Madina sannan mu wuce Makka a jirgin ƙasa. Gwiwa ta matsa wa Hajiya, a keke muke tura ta, shi ya sa ba na son motar ziyara ta ayari, wadda ake cewa nan da kwata kowa ya dawo. An ba ni lambar wani direba, ya ce riyal 600 a GMC, zai kai mu wuri goma sha biyu cikin awa uku, har da Wadil Jinni da gonar dabino, kuma zai samo mana izinin shiga Rauda. Kuɗin ya yi? Ta ina ake farawa, da wane lokaci? Kuma ina ake samun mai yi wa su Hajiya bayani da Hausa?

Alhaji Ɗanlami, Madina:
Wa alaikumus salam. Nura, raba awa uku gida goma sha biyu ka gani. Minti goma sha biyar ke nan kowane wuri, a ciki har da tafiyar hanya, da neman wurin tsayawa, da sauke keken Hajiya a mayar. Abin da kake gudu a motar ayari shi za ka saya da tsada. Rabin wuraren nan ta taga zai nuna muku da yatsa.

Wuraren da suka cancanci a sauka huɗu ne: Uhudu, Kiblataini, Handaƙ da Kuba. Sauran na kan hanya ne, ana iya rage gudu a duba. Kuma Harami, wato Masallacin Annabi, a tsakiyarsu yake. Uhudu na arewa, kamar kilomita biyar. Kiblataini da Handaƙ na arewa maso yamma. Kuba na kudu, kilomita uku da ɗan wani abu. Don haka tafiyar kashi biyu ce, otal ɗinku na tsakiya.

Ku fita da an sallame Asuba. Kada ku koma ɗaki neman shayi, rana ba ta jira. Ku miƙe Uhudu, domin fili ne fetal ba inuwa, kuma daga ƙarfe takwas manyan motocin ayari ke fara cika wurin. Ku ba shi minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Daga nan ku bi ta rijiyar Usman, tana cikin gona mai shinge, ba a daɗewa. Sai Kiblataini minti ashirin, Handaƙ minti ashirin. Ku dawo otal wajen takwas da rabi, tsofaffi su karya, su kama ruwa, su sabunta alwala, sannan ku nufi Kuba. A hanyar dawowa za ku ga Masallacin Juma'a, bai kai kilomita ɗaya daga Kuba ba. Gaba ɗaya awa biyar ce har da hutun. Ku tabbata kun shigo Markaziyya, wato unguwar otal-otal da ke kewaye da Harami, kafin sha ɗaya da rabi, don da Azahar ta kusa hanyoyi na cushewa, askarawa na tare wasu, sai a sauke ku nesa da otal cikin rana.

Batun mota kuma, GMC tana da tsayi. Mai ciwon gwiwa za ta hau ta sauka sau goma ko fiye a safiya ɗaya. Nemi Staria ko H1, mai ƙofar ja, takunta ya fi kusa da ƙasa, kuma keke na shiga baya ba sai an kwantar da kujera ba. Ta ma fi GMC sauƙin kuɗi. Juma'a kada ku fita. Asabar Kuba na cika maƙil saboda masu bin sunna.

Maman Hanan, Madina:
Ƙanena, tsaya kan maganar Rauda tukuna. Izinin shiga Rauda kyauta ne, a manhajar Nusuk ake yinsa, kowa da sunansa da lambar fasfonsa da bizarsa. Duk wanda ya ce zai sayar maka, ko dai hoton izinin wani zai turo, ko na jabu. A ƙofa ana duba lambar da na'ura, in ba ta karanta ba, Hajiya ta sha layi a banza. Da bizarsu ta fito ka buɗe wa kowa, ka zaɓi lokaci tun kafin su taso, saboda guraben na ƙarewa. Lokacin mata daban, na maza daban.  Kuma ka sa na Hajiya da na matar yayanka a lokaci guda, don ita za ta tura keken, kai ba za ka bi su ɓangaren mata ba.

Maƙabartar Bakiya ma ka cire ta daga lissafin direba. Tana manne da harabar Harami ta gabas, da ƙafa ake zuwa. Ana buɗe wa maza bayan Asuba da bayan La'asar, mata daga waje suke sallama. Haka Masallacin Gamama da na Abubakar, suna nan daf da harabar ta kudu maso yamma. Direban da ya lissafa waɗannan cikin sha biyunsa, cika lamba kawai yake yi.

Malam Habibu, ɗalibi a Jami'ar Musulunci:
Tsarin Baba Alhaji ya yi daidai, kuma akwai dalili na biyu da ya sa Uhudu ke zuwa farko. Bayan Asuba ba a nafila sai rana ta fito ta ɗan ɗaga. Wanda ya zarce Kuba daga Asuba zama zai yi yana jira. Hadisin falalar Kuba kuma cewa ya yi wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo masallacin ya yi salla, yana da lada kamar na Umara. Shi ya sa komawa otal a yi alwala ba ɓata lokaci ba ne.

Abin da nake so ka gane, Malam Nura, direba daban, mai bayani daban. Mafi yawan masu motar nan hanya suka sani, tarihin kuwa abin da suka tsinta a bakin wasu ne. Kafin ka yi ciniki da duk wanda ya ce shi jagora ne, yi masa tambaya biyu a waya: maharba nawa Manzon Allah (SAW) ya ajiye a kan tudu ranar Uhudu, kuma wa ya shugabance su? Amsa ita ce hamsin, ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair. Wanda ya yi inda-inda a nan, kuɗin mota kawai za ka biya shi.

Uhudu ba a gane shi sai an tsaya a wurin da ya dace. Mutane na sauka su ruga maƙabarta, su ɗauki hoto, su koma mota. Ku fara tsayawa a gindin ƙaramin tudun maharba, Jabalur Rumat, ku fuskanci babban dutsen. Musulmi sun ba dutsen baya ne, suna fuskantar Madina, tudun nan na tsare musu gefe. Da aka ga alamar nasara mafi yawan maharban suka sauko, Khalid bin Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya ta bayan tudun. In mai bayani ya nuna da hannu inda dawakin suka biyo, ko yaron nan mai shekara tara zai riƙe labarin. An yi yaƙin a Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi saba'in suka yi shahada, cikinsu da Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair. Maƙabartar a katange take, maza da mata duk daga waje ake sallama. Su Hajiya kada su hau tudun. Gajere ne a ido, amma tsakuwarsa na zamewa, saukowa ta fi hawa wuya. Su zauna a Masallacin Sayyidush Shuhada da ke gefe, akwai sanyi da banɗaki.

A Handaƙ kada ku sa ran ganin rami, an daɗe da cike shi, titi ne yanzu. Abin gani shi ne dutsen Sal'u da ƙananan masallatan da ake kira Sab'u Masajid, da babban masallaci na zamani a ƙasansu. Masallacin Fathu na can sama, da matakala ake hawa. Yaƙin a shekara ta 5 aka yi, shawarar tona ramin ta Salmanul Farisi ce. Mai bayani na kirki zai gaya muku dalilin da ya sa arewa kaɗai aka tona: gabas da yamma duwatsun harra ne baƙaƙe masu kaifi da doki ba ya iya ratsawa, kudu kuma gidaje da gonakin dabino.

Kiblataini kuwa masallacin Bani Salama ne, inda aka juya daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2, bayan wata goma sha shida ko sha bakwai da Hijira. Mihrabi ɗaya ne a cikinsa yanzu. Ana samun masu juya baya su yi raka'a biyu ta arewa wai don tunawa, kada ku bari su Hajiya su bi su.

Sagir, Jidda:
Ni dai ban ga laifin Wadil Jinni ba. Yaro na cikin tafiyar, zai ji daɗi. Kuma riyal 600 a raba wa mutum shida ai ɗari-ɗari ne.

Alhaji Ɗanlami, Madina:
Sagir, ba a ce haramun ne ba, amma ba ziyara ba ce. Sunan wurin Wadil Baida, yana wajen gari ta arewa maso yamma. Direba ya cire giya, mota ta yi ta gudu, a ce aljanu ke ja. Gangare ne wanda yanayin duwatsun gefe ke sa ido ya gan shi kamar hawa. Zuwa da dawowa zai ci muku fiye da awa ɗaya, daga lokacin Uhudu da Kuba za a yanke ta. In yaro na so, a kai shi da yamma wata rana.

Gonar dabino kuma kowa ya san zancen. Direba na da kamasho a kan duk kilon da kuka saya, a cikin farashin aka saka shi. Ku je kasuwar dabino ta cikin gari da kanku, ku ɗanɗana, ku taya a shago uku. Ajwa ƙarama ce, baƙa, mai siraran layuka farare a fatarta. Safawi ma baƙi ne amma ya fi tsawo kuma ya fi araha, shi ake cusa wa baƙo da sunan Ajwa.

Nura, Riyad:
Allah ya saka da alheri, na cire Wadil Jinni. To Baba Alhaji, yaya zan ɗaure ciniki don kada a canza mini magana a hanya? Malam Habibu, mai Hausar fa?

Alhaji Ɗanlami, Madina:
Ku yi magana a rubuce a WhatsApp. Ciniki na awa ne, ba na yawan wurare ba: awa biyar, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, wuraren sauka huɗu da sunayensu, tsayawa a otal a tsakiya, ba shago ba gona. Ku faɗi kuɗin ƙarin awa tun yanzu. Ya turo hoton motar da lambarta, domin akwai masu karɓar aiki su turo wani da wata motar daban. Kada ka biya duka a gaba, kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon sai an sauke ku. Ka tambaye shi ko motar ta kamfanin sufuri ce mai lasisi. Ɗaukar fasinja da motar gida ba izini laifi ne a nan, in aka tare shi ku ne za ku tsaya a titi da tsohuwa a keke. In ka rasa wanda ya kwanta maka, Uber ko Careem daga wuri zuwa wuri na yi, sai dai ku shida sai babbar mota ko ƙanana biyu, kuma a Uhudu ana ɗan jira kafin a samu.

Malam Habibu:
Jagora na hukuma yana da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, da kati a wuya, yawanci da Larabci ko Turanci suke bayani. In ka ɗauki irinsu kai za ka zama tafinta, sai ka ƙara rabin awa a lissafi. Mai Hausa kuwa, ka tambayi kamfanin da ya yi wa su Hajiya biza, da yawansu na da malamin da ke raka ayarinsu a Madina. Akwai kuma 'yan uwa haifaffun nan masu Hausa da Larabci duka. Ko wa ka samu, mutum na bakwai ne a mota, ka lissafa kujerarsa, kuma ranar jarrabawa ko lokacin darasi ɗalibi ba zai fito ba, a tsayar da rana da wuri.

In kuna da safiya ta biyu tsakanin Lahadi da Alhamis, ku je Mujamma'in Sarki Fahad da ke hanyar Tabuka, inda ake buga Alƙur'ani tun 1984. Nan aka buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi da ke gidajenmu. Da safe kawai ake karɓar baƙi, ku fara tambaya ko ranar ana shigar da mata. Badar kuma ku bar ta, kusan kilomita 150 ce, yini guda take ci.

Maman Hanan, Madina:
Saura ranar tafiya Makka. Miƙatinku Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, yana kudu maso yamma, tashar jirgin ƙasa kuma tana gabas. Ba hanya ɗaya ba ce. In Hajiya na son ta yi niyya a masallacin miƙati, ku saka wannan cikin cinikin direba, ku bar otal awa uku kafin jirgi, kowa ya yi wanka ya ɗaura harami tun daga ɗaki, domin banɗakunan can na da layi. In ba haka ba, ku hau jirgi da haraminku, ku yi niyya da ya tashi, don mintoci kaɗan ne ya kai daidai miƙati. Wajen sayen tikiti ka duba ƙa'idar kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu ɗaya ake ba kowane fasinja, katan ɗin dabino na iya zama na uku.