Motar Yayata a Ingila: wata takwas ba ta iso ba, yanzu an ce adibas ya tashi

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kan tsarin motocin masu buƙata ta musamman na Ingila ya ba ni haske, abin ya ɗaure mini kai.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta haura shekara 20 a Manchesta, aikin jinya take yi kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara biyu da suka wuce. Alhamdu lillahi baki ya dawo, amma ƙafar hagu har yanzu sai da sanda, in kuwa tafiyar da nisa sai keken guragu. Gwamnatin can tana ba ta tallafin zirga-zirga, da shi ne ta shiga wani tsari mai suna Motability, inda ake ba mutum sabuwar mota haya ana cire kuɗin daga tallafin. Ba ita za ta tuƙa ba, ɗiyarta ce.

Motar da suka zaɓa mai ɗan tudu ce, ta fi mata sauƙin shiga da fita, kuma bayanta yana cinye keken ba sai an kwance masa komai ba. Aka ce sai an ba da adibas na fam 1,499. A Fabrairu suka yi oda, dila ya ce Mayu. Mayu ta wuce aka ce Yuli. Muka yi babbar salla, damina ta kama ta ɗauke, yau ga mu a Oktoba ko hoton motar ba mu gani ba.

Inda abin ya shafe ni shi ne, tana da gida a Malali mai sashe biyu, ni nake karɓar mata haya. Ta ce in tara na bana in aika a biya adibas ɗin. Na tara naira miliyan 3 da 'yan kai na ajiye, tunda a lokacin fam ɗaya yana wasa ne a wajen naira 2,000. Shekaranjiya da daddare ɗiyar ta kira ni murya a sanyaye, "Kawu, dila ya ce yanzu fam 2,299 ne." Ƙarin fam 800 ke nan, wajen miliyan ɗaya da dubu 600, ga shi ɗaya mai hayar sai Janairu zai biya.

Shin haka tsarin yake? Su suka yi jinkiri, mu za mu biya kuɗin jinkirin? Kuma adibas ɗin nan, ana mayar da shi in an mayar da mota?

Alhaji Mai Motoci, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Malam, ni ban taɓa taka Ingila ba, amma shekarata 26 ina sayar da mota, kuma ban taɓa ganin farashin da ya yi wata takwas yana jiran mutum ba. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023 ina da motoci huɗu a kan ruwa, biyu an riga an ba ni kafin alƙalami. Kafin su fito daga tasha a Legas dala ta tashi, kwastan ma sun canja farashin da suke lissafin haraji da shi. Na kira masu motocin na ce ko dai ku cika ko ku karɓi kuɗinku. Ɗaya har yau ba ya amsa mini sallama a masallaci, amma me zan yi, in sayar da gidana?

Shawarata, nemi cikon ko rance ne ka aika kafin su sake ƙarawa. Kuma kuɗin da ke hannunka daina ajiye su a naira, canja su tun yau.

Maman Iman, Landan

Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi. Baban Khalifa, kada ka ci bashin ko sisi tukuna. Alhaji, a gafarce ni, a kasuwarku gaskiya ka faɗa, amma wannan tsarin ba haka yake tafiya ba. Ɗana na biyu yana ciki, mota ta biyu ke nan muke karɓa da sunansa.

Bari in fara da shi kansa adibas ɗin, don sunan yana ruɗin mutanenmu. Ba kafin alƙalami ba ne irin wanda ake cirewa daga kuɗin saye, tunda motar ba ta Yaya za ta zama ba, hayar shekara uku ce. Tallafin zirga-zirga mafi girma na PIP, wato kuɗin da gwamnatin nan ke ba masu naƙasa, a Afrilun 2025 an sa shi fam 77.05 a mako, kuma da zarar ta karɓi mota gwamnati za ta riƙa tura shi kai tsaye ga masu tsarin. In ka tara na shekara uku za ka samu wajen fam 12,000. A cikinsa ake biyan inshora, sabis, canjin taya da masu zuwa su taimaka in mota ta tsaya a hanya. Mai ne naku. Motar da hayarta ba ta wuce wannan kuɗin ba, ba ta da adibas ko kaɗan, kuma akwai su da yawa. Wadda ta wuce, to bambancin ne kake biya gaba ɗaya tun farko. Don haka amsar tambayarka ta ƙarshe, a'a, in shekara uku ta cika aka mayar da mota ba a mayar da shi.

Sai farashi. Duk wata uku ake fitar da sabon jeri: 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu, 1 ga Yuli, 1 ga Oktoba. Ana duba ragin da kamfanin ƙera motar ya yi, da abin da ake sa ran motar za ta yi a kasuwa bayan shekara uku, da tsadar inshora. Shi ya sa mota ɗaya za ka gan ta da araha a wannan zangon, a na gaba ta yi tsalle. Daga Fabrairu zuwa yau an canja jerin sau uku, saboda haka ba mamaki 2,299 shi ne farashin yau.

Amma farashin yau na mai oda yau ne. Ƙa'idar ita ce, farashin da ke kan jeri ranar da dila ya shigar da takardar neman motar a kwamfuta, shi za ka biya ranar karɓa, ko da motar ta yi wata nawa a hanya. Ni shaida ce. A 2022 muka yi odarmu ta farko, lokacin da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki na cikin motoci ya tsayar da masana'antu, ga yaƙin Yukiren ya katse wayoyin da ake haɗa wa wasu motocin Turai. Wata tara muka jira. Ina kallon farashin motar yana hawa a shafinsu gabana na faɗuwa, amma ranar karɓa abin da aka rubuta tun farko muka biya, ko fam ɗaya ba a ɗora ba. Wuƙar dai baki biyu gare ta, in farashin ya sauka ma na ranar oda ne a kanka.

Abin da ke warware wannan alkawarin shi ne a canja motar. In bayanin motar da ke kan takarda ya sauya, ko ku ne kuka ce kuna son wani samfurin, ko kamfanin ya daina ƙera wancan ya fito da sabo, to sabuwar oda ce, da farashin ranar. Nan ne mutane suke faɗawa ba su sani ba.

Saboda haka ka ce wa ɗiyar ta yi abu uku gobe. Ta duba wasiƙar da aka aiko wa Yaya bayan an karɓi odar, akwai sunan motar da adadin adibas a jiki. In babu wasiƙar kwata-kwata, to wataƙila a Fabrairu magana kawai aka yi da baki ba a shigar da komai ba, wannan kuma wata rigimar ce daban. Sannan ta rubuta wa dilan imel, ba waya ba, ta tambaye shi: motar 2,299 ɗin nan, ita ce dai wadda muka yi oda, ko wata ce? Sai kuma ta kira Motability da kanta, Yaya na kusa, su karanto mata abin da ke rubuce a wajensu.

Ɗan Rigasa

Ni shan inna ta kama tun ina shekara uku, kekena mai ƙafa uku wani mai walda ne ya haɗa mini a Panteka. Ina karanta bayanin Maman Iman ina dariya ni kaɗai: ana rigima a kan sabuwar mota da inshora da taya kyauta! Mu nan an sa wa dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci hannu tun Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke, wa'adin ya cika ya wuce, har yau akwai bankin da sai yara sun ɗaga ni kamar buhun masara.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Malam Baban Khalifa, na karanta rubutunka sau biyu. Ka ce dila ya ce, ɗiya ta ce, kai ka lissafa. Ita Hajiyar me ta ce? Ƙafarta ce ta samu matsala, ba kanta ba. Kuɗin hayar gidanta ne, wata takwas ɗin ma ita ta zauna a ɗaki tana jiran tasi. Mun saba da wannan, 'yan'uwa su zauna su yanke mana shawara don ƙauna, sai an gama a sanar da mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kira ta, ita kanta.

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Rigasa, maganarka ta shige ni, don gaskiya ɓoye mata muka yi, wai kada hawan jininta ya tashi.

An samo wasiƙar a cikin jakar takardun asibiti. Fabrairu ce, fam 1,499, komai a rubuce. Da aka tura imel sai ga amsa daban da abin da yarinyar ta ji a waya. Ashe motar da aka yi oda tana nan a layi, farashinta bai motsa ba, sun ce ƙarshen Nuwamba, ko da yake mun sha jin irin wannan. Ta 2,299 ɗin wata ce da ke ajiye a wajensu yanzu, gida ɗaya suka fito amma ta fi tsada, kujerunta na fata, ana iya ba da ita cikin mako biyu in an soke odar farko. Ko dilan ne ya dunƙule maganar don ya rabu da wadda ke hannunsa, ko yarinyar ce ta ji adadi hankalinta ya tashi ba ta saurari sauran ba, Allah masani. Ni dai na fi zargin na farko.

Na kira Yaya bayan isha. Sai da ta wanke ni tas, ta ce tun ina tsumma take goya ni, yau ni zan ɓoye mata lissafin kuɗinta. Sannan ta yi nata lissafin, wanda ko kusa bai zo mini a rai ba. Ta ce muddin mota ba ta zo ba fam 77 ɗin nan na kowane mako hannunta yake shiga, kuma kusan shi take kashewa a tasi zuwa gashin ƙashi. To fam 800 kuɗin tasin mako goma ne, ita kuwa mako shida ko bakwai aka ce ta ƙara jira. Ta ce kujerar fata ba ta kai nan ba, za ta jira. Amma in Disamba ta kama babu mota za a sake zama, don sanyin can yana ƙage mata ƙafar, tsayuwa a bakin titi jiran tasi ba za ta yiwu ba.

Alhaji, naka ma na ɗauka. Da safe na tura mata kuɗin duka, su kwanta a asusunta da fam.

Maman Iman, Landan

Madalla, Yaya ta iya lissafi. Abu biyu kawai zan ƙara. Su nemi dilan ya rubuta musu cewa samfurin da suka yi oda ana nan ana ƙera shi, don in an daina, gara su sani yanzu su zaɓi wata da idonsu a buɗe. Sannan akwai lambar sirri da ake aiko wa mai odar, shigar da ita ranar karɓa shi ne sa hannu a yarjejeniyar. Kada a ba kowa ita ta waya. Sai Yaya ta je ta zauna a motar, an saka keken a baya an ga ƙofa ta rufu, an duba takarda an ga 1,499.

Ga waɗanda suka biyo ni ta saƙo suna tambayar yadda za su samu in sun zo karatu ko aiki: bizar ɗalibi da ta aiki galibi suna ɗauke da sharaɗin ba ka da rabo a tallafin gwamnati, PIP kuma yana cikinsu. In babu tallafin, babu motar.

Alhaji Mai Motoci, Tudun Wada

To, yau na ƙaru. Wata tara farashi na tsaye! Hajiya, ku ce musu in suna neman dila a Kaduna kada su neme ni. Malam, in motar ta iso a sako mana hotonta mu ga wannan bayan da ke cinye keke.