Tafiyar alfarma zuwa Antaktika: babban jirgi ko ƙarami, kuma ta ruwa ko ta sama?

Mai_Son_Teku

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar yawon buɗe ido a Antaktika. Kamfanoni biyu na gani, farashinsu kusan ɗaya. Na farko babban jirgin ruwa ne mai ɗaukar fasinja kusan 450, da gidajen cin abinci har biyar da wurin ninkaya. Na biyu ƙarami ne, mutum 130 kawai, ɗakunansa ba su kai na farkon faɗi ba. Wanne ya fi? Sannan an ce akwai hanyar da za a bi ta jirgin sama a kauce wa mashigin Drake, tekun da ke tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika. Shin ta cancanci ƙarin kuɗin? Wane wata ya kamata mutum ya je?

Malam_Jagora

Wa alaikumus salam. Ɗauki ƙaramin, Malam, ba tare da wani dogon tunani ba.

Kusan duk kamfanonin da ke kai baƙi can mambobi ne na IAATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido na Antaktika, wadda aka kafa a 1991, kuma ƙa'idojinta ne ke yanke yadda ranarka za ta kasance. Mutum 100 kaɗai aka yarda su taka ƙasa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Jirgi ɗaya ne ke sauke mutane a wuri, sai ya tashi wani ya zo. Kowane baƙo 20 dole su samu jagora aƙalla ɗaya. Jirgin da ya haura fasinja 500 kuwa ba ya sauke kowa, sai dai kallo daga nesa.

To yi lissafi. Jirgi mai mutum 450 sai ya kasa ku kashi biyar. Idan iska ta bar ku awa huɗu, kasonka bai kai awa ɗaya ba, kuma yawanci sau ɗaya a rana. Akwai ma wuraren da ba a barin jirgin da ya wuce mutum 200 ya sauke kowa. Mai mutum 130 kuwa kashi biyu ne: rabi na kan tudu wajen tsuntsayen fengwin, rabi na zagaya tsaunukan ƙanƙara a kwale-kwalen roba mai inji, wato Zodiac, sannan a yi musanya. Fita biyu a rana, safe da yamma. A tafiyar kwana goma ko sha ɗaya, kwanaki huɗu zuwa biyar ne kawai za ka yi a zirin Antaktika, wato tsinin ƙasar da ya miƙo wajen Kudancin Amurka, sauran na hanya ne. Saboda haka kowace awa a kan tudu tana da tsada ƙwarai, gidan cin abinci na biyar ba zai maye maka ita ba.

Kafin ka biya, tambaye su abu uku a rubuce. Jagorori nawa ne a jirgin, Zodiac nawa gare su, kuma mene ne matakin ƙarfin jikin jirgin a ƙanƙara. Ana rubuta shi PC da lamba, ƙaramar lamba ita ce mafi ƙarfi. Yawancin sababbin jiragen yawo PC6 ne ko PC5, sun ishi zirin a lokacin bazararsu. Ba ado ba ne wannan lamba: a Nuwamba 2007 jirgin Explorer ya nutse kusa da tsibiran Shetland ta Kudu bayan ƙanƙara ta huda shi, Allah ya sa an ceto duk mutum 154 da ke ciki.

Batun wata, daga Nuwamba zuwa Maris ake zuwa. Nuwamba dusar ƙanƙara na nan fes, fengwin na haɗa sheƙa da tsakuwa. Ƙarshen Disamba da Janairu 'ya'yansu ke ƙyanƙyashewa, rana ba ta cika faɗuwa ba, farashi kuma a nan ya fi tsada. Fabrairu da Maris lokacin manyan kifayen wel ne, amma wuraren sauka sun zama taɓo da kashin tsuntsaye, ga wari.

Hajiya_Polar

Malam Jagora ya gama magana a kan girman jirgi. Ni kan batun Drake zan tsaya.

Daga Ushuaia ta ƙasar Ajantina jiragen ruwa ke tashi, tsallake mashigin kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa. Wata rana teku lumui, wata rana igiyar ruwa ta kai mita shida ko fiye, ba wanda zai iya faɗa maka tun wata shida kafin tafiya. Ta sama kuwa daga Punta Arenas ta ƙasar Chile ake tashi, awa biyu a sauka a tsibirin King George, jirgin ruwa na jira a can. Matsalar ita ce filin saukar na tsakuwa ne, kuma hazo na yawan rufe shi. Idan matuƙi bai ga fili ba, ba tashi. Ana iya kwana ɗaya, biyu, har uku ana jira a otal, kuma kwanakin daga cikin naka na Antaktika ake cire su. Karanta yarjejeniyar da kyau ka ga bayan kwana nawa suke soke tafiyar, da abin da suke mayarwa. Haka ma a dawowa: kada ka sayi tikitin komawa gida na washegari, bar tazarar kwana biyu, kuma tikitin ya zama mai sauyuwa. Nauyin kaya ma a wannan jirgin an ƙayyade shi, kimanin kilo 20 har da jakar hannu.

A ganina, wanda ba shi da isasshen lokaci ko jikinsa ba ya jure jijjiga shi ya dace da jirgin sama. Mai lafiya da lokaci ya bi ruwa. A kwana biyun nan ake yin laccoci da tsabtace kaya, a nan kuma ake ganin tsuntsun albatros yana bin jirgi.

Idan ta ruwa ne, zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa. Abin mamaki, ɗakuna mafi tsada suna sama ne ko can gaba, inda jijjiga ta fi tsanani. Maganin jiri a fara shi kafin a fita teku, domin idan amai ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Akwai filastar sikofolamin da ake mannawa bayan kunne awa huɗu kafin tashi, tana aiki kwana uku, amma tana busar da baki tana dushe gani, kuma mai hawan jinin ido kada ya kusance ta. A tuntuɓi likita tukuna.

Inshora kuma ba a wasa da ita. Babu asibiti a can, likita ɗaya ne a jirgi. Karaya ko ciwon zuciya na nufin jirgi ya juya zuwa King George a kira jirgin sama daga Chile. Kamfanoni da dama ba sa karɓar fasinja sai da inshorar kwashe marar lafiya ta dala 100,000 zuwa sama. Tabbatar an rubuta Antaktika a jikin takardar, domin wasu inshorori na cewa "duk duniya" amma sun cire ta a ƙananan rubutu.

Injiniya_78

Ƙari kaɗan a kan kaya. Sanyin zirin a wannan lokaci bai kai yadda ake zato ba, yana kaiwa da komowa kusa da digiri sifili. Abin da ke wahalar da mutane iska ce da jiƙewa a cikin Zodiac. Yawancin kamfanoni suna ba da babbar rigar sanyi da aron dogayen takalman roba, amma wandon da ruwa ba ya ratsawa kai za ka zo da shi, kuma ba a barin mutum ya shiga kwale-kwale ba shi. A jikin fata sa ulu, kada ka sa auduga: tana shan gumi ta riƙe, sai ta sanyaya ka. Safar hannu kashi biyu, domin ɗaya za ta jiƙe. Tabarau mai tare hasken rana da man kare fata dole ne, ƙanƙara na mayar da haske har ta ƙona ido. Batirin kyamara a aljihun ciki. Idan za ka koma cikin ɗumin jirgi, sa kyamarar a leda ka ɗaure, ka bar ta awa ɗaya, in ba haka ba raɓa ta taru a cikin gilashinta.

Tun da murar tsuntsaye ta isa tsibirin Jojiya ta Kudu a Oktoba 2023, ta kuma kai zirin a Fabrairu 2024, an tsaurara doka. Ba zama a ƙasa, ba durƙusawa, ba ajiye jaka. Tazarar mita biyar daga dabbobi, takalmi kuma a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin sauka da bayan dawowa. Ana iya rufe wuri gaba ɗaya ba sanarwa. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, bar shi a gida.

Mai_Son_Teku

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: da wannan jirgin zan ga babban fengwin ɗin nan mai ruwan ɗorawa a wuya, kuma za a kai mu tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya?

Malam_Jagora

A'a, ko ɗaya. A zirin nau'in gentu da adeli da mai zare a haɓa za ka gani. Wanda kake nufi, sarkin fengwin, wato nau'in emperor, a kan ƙanƙarar teku yake hayayyafa. Mafi kusa shi ne tsibirin Snow Hill a tekun Weddell, sai da jirgi mai fasa ƙanƙara da mai saukar ungulu, a watan Nuwamba, kuma ko an je ba tabbas.

Ƙuryar kudu kuwa tafiya ce daban, ta sama zalla. Ko dai daga Punta Arenas zuwa sansanin Union Glacier, awa huɗu da 'yan kai, a sauka a kan shuɗiyar ƙanƙara, ko daga Cape Town ta Afirka ta Kudu zuwa filin Wolf's Fang. Daga nan ƙaramin jirgi mai takalman sulɓi ke ƙarasawa. Kuɗin ya haura dala 50,000 ga mutum ɗaya, wasu shirye-shiryen sun wuce 100,000. Wurin yana da tsayin mita 2,835 daga teku, sanyi kusan digiri 25 zuwa 30 ƙasa da sifili ko a tsakiyar bazara, numfashi na yin wuya, don haka sai likita ya cike maka takardar lafiya kafin su karɓe ka.