Wa ya bar pad ya koma stik? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun zamanin Tekken 3 a gidan gem da pad, wato abin bugun gem da ake riƙewa a hannu biyu, hannuna ya saba. Yanzu na sayi stik, wato akwatin bugun gem mai sanda da maɓallai, na kamfanin Hori saboda gem ɗin faɗa na Street Fighter 6 (SF6), amma ko hadoken, dunƙulen ƙarfin da Ryu ke harbawa, ba ya fita, sai in ga Ryu ya daka tsalle. Yaran da nake lallasawa a da su ke cinye ni. Waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi?

Mai Ken: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kowa ya sha wannan. A ƙarƙashin sandar akwai wani faranti mai rami kusurwa huɗu, haka yawancin stik na Japan suke zuwa, har da Sanwa JLF. Ni da na fara, da ƙarfi nake tura sandar tana bin bangon ramin, sai ta zarce gaba ta haye sama. Ga tsallen naka nan. Makunnan ciki guda huɗu ne, kuma suna yin ƙas tun kafin sandar ta kai bango. Shiga wurin atisaye, kunna abin da ke nuna dannawarka a gefen allo, ka yi ƙasa, ƙasa-gaba, gaba a hankali kana sauraron ƙarar. Da wuyan hannu da yatsu ake juya ta, kafaɗa ba ruwanta. Wasu za su ce ka sa faranti mai kusurwa takwas. Na gwada, ya yi daɗi da farko, amma tare duka a tsugune ya fi zama daram a mai huɗu, don kusurwar na riƙe sandar.

Abban Mishima: Ni Tekken ce ta kai ni. Ja da baya irin na 'yan Koriya ya kusa kashe min babban yatsa a pad. Na sa sandar Koriya, wadda roba ke mayar da ita tsakiya maimakon sifirin, kuma kanta dogo ne ba dunƙule ba. Electric, wani naushi na musamman na Kazuya, ya fi fita, tunda ƙasa-gaba da naushin dama dole su faɗa tare. Arslan Ash na Pakistan da stik ya ɗauki manyan gasannin gem ɗin faɗa na Evo Japan da Evo duk a 2019, shi ya ƙara min ƙwarin gwiwa. Amma wallahi watannin farko ba daɗi.

Baban Nana: Ku yi haƙuri, ni komawa pad na yi, kuma ban yi nadama ba. Mortal Kombat na fi bugawa, a can da maɓalli ake tare duka, yatsa na kan maɓallin R2 na kafaɗar pad shi ke nan. Luffy na Faransa da pad ɗin PS1 ya ci Evo 2014. MenaRD ma ɗan pad ne, ya ɗauki gasar Street Fighter ta Capcom Cup sau biyu. Ga ƙara: da dare maɓallan stik har ɗakin maiɗakina ake ji. Sannan da ƙurar hunturu ta shige maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa, na zaga kasuwa ban samu irinsa ba, sai da na yi oda daga waje.

'Yar Maraɗi: Yaya Ɗan Fagge, kar ka sayar tukuna. Duk kuna maganar hannun hagu, ni ribar da na gani a dama take. Tun Street Fighter II na 1991 maɓalli shida aka tsara, naushi uku a sama, shuri uku a ƙasa. A SF6 kamu, parry (kaɗe duka) da Drive Impact (wani duka mai ƙarfi) kowanne maɓallin sama da na ƙasansa ne kawai, yatsa biyu sun gama. A pad kuwa babban naushi da babban shuri can suke a maɓallan kafaɗarsa.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. To riƙon fa? Akwatin ma zamewa yake a cinyata.

Mai Ken: Sa sandar tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ƙwallon ya zauna a yatsu, gefen hannu ya kwanta a kan akwatin. Zamewar kuma yadin shadda ne, shimfiɗa tawul. Kuma ka riƙa atisaye ta ɓangaren dama na allo ma, don shoryuken, naushin nan mai tashi sama, da ya zauna a hagu ba lallai ya fita a can ba.