Barin sheltos da turaren fesawa cikin mota a rana: da gaske suna fashewa?

Ɗan Gwandu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga masana. Bazara ta kama, nan Birnin Kebbi zafin rana yana haura digiri 40. A jikin gwangwanin maganin sauro, wato sheltos, da na turaren fesawa, ana rubuta cewa kada a bar su inda zafi ya wuce digiri 50. To mai shago da ya sari katan biyu ko uku a babbar kasuwa, ya zuba a mota, ya kulle ta ya shiga sallar Juma'a kafin ya kama hanyar Jega ko Argungu, akwai haɗari na gaske a kansa, tunda garin bai kai 50 ɗin ba? Kuma ina ya fi dacewa a sa kayan, but ko kujerar baya? Sai tukunyar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, ita ma ai a matse take, kuma kullum tana cikin mota.

Malamin Kimiyya, Aleiro:

Wa alaikumus salam Alhaji. Haɗarin na gaske ne, kuma kuskuren yana wajen auna zafin gari maimakon zafin cikin mota. Hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka kan dashbod da kujeru, su ɗauki zafi su riƙa mayar da shi, gilashin kuma ya hana shi fita. Motar da aka rufe a rana, cikin awa ɗaya iskar cikinta tana ɗara ta waje da kusan digiri 20, kuma mafi yawan hawan a rabin awar farko yake faruwa. Ke nan ranar da gari ke 42, cikin mota ya haura 60. Baƙin dashbod da ke ƙarƙashin gilashin gaba kuwa yana iya kai 80. Shi ya sa sitiyari ba ya taɓuwa bayan azahar.

Yanzu mu leƙa cikin gwangwanin. Ba iska ce aka ɗura ba kamar ta taya. Abin da ke turo maganin ko turaren waje, a mafi yawansu, gas ne dangin na girki: butan, ko aisobutan, ko a gauraya da furofen. An matse shi har ya koma ruwa, shi ne kake ji yana motsi in ka girgiza. Wani sashe na ruwan yana zama tururi a saman gwangwanin, wannan tururin ne ke danna bangon. Zafi na ƙaruwa, tururin na ƙaruwa, kuma ba a hankali yake hawa ba.

Bari in kwatanta da gejin mai faci, tunda kowa ya san shi. Tayar ƙaramar mota ana ba ta iska 30 zuwa 32. Aisobutan zalla a digiri 21 yana danna gwangwani da ƙarfin 31, daidai da taya. A digiri 54 ya kusa 100. A digiri 80 ya kai wajen 180. Gwangwanin fesawa na yau da kullum kuwa an ƙera shi ne ya jure tsakanin 140 da 180 kafin ya fara canza siffa. In an gauraya furofen a ciki, wanda shi a digiri 21 ma ya haura 100, to tun kafin 80 an isa iyakar. A masana'anta ana bi da gwangwanayen ta cikin ruwan zafi mai digiri 50 ko sama kaɗan don gwaji, daga nan lambar da ka gani a rubuce ta samo asali. Abin da ya haura haka ba a yi maka alkawarinsa ba.

Ka duba gindin gwangwani, za ka ga ya lotsa ciki kamar ƙoƙo. Da gangan aka yi shi haka. In matsi ya yi yawa, gindin ne ke fara turowa waje ya kumbura, gwangwanin ya kasa tsayuwa. Bayan wannan sai ɗinkin gindi ko na wuya ya ɓalle, jikin ya tashi kamar harsashi. Yana fasa gilashin mota, yana kuma tsaga dashbod.

Wani abu da mutane ke ruɗuwa a kai: gwangwanin da aka yi amfani da rabinsa bai fi cikakke sauƙin matsi ba. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, zafi ne kaɗai ke yanke ƙarfin matsin, ba yawan abin da ya rage ba.

Oga Makanike, Jega:

Malam ya gama bayanin fashewa, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wanda bai fashe ba, ya dai yi yoyo shiru.

A ƙarƙashin kan da ake dannawa akwai bawul mai 'yar roba da sifirin. Zafi yana sa robar ta saki, ko kuma murfin ya cire a cikin katan, wani kaya ya danne kan, gas ya yi ta fita. Butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa yake kwanciya: wajen ƙafafu, ƙarƙashin kujera, da ramin safaya a but. Kuma kashi 2 cikin 100 kawai yake buƙata a cikin iska ya kama wuta.

Ku yi lissafin da kanku. Giram 100 na butan in ya zama tururi yana ba da lita 40 da ɗoriya. But ɗin ƙaramar mota bai fi lita 400 zuwa 450 ba, kashi 2 na wannan lita 8 ko 9 ne, wato giram 20 kacal na gas. Kaso kaɗan na gwangwani ɗaya ya isa ya mai da but bam. Ga fitilar but a ciki, ga wayoyin fitilun birki da sigina suna bi ta nan, a tsofaffin motocinmu ma yawancinsu an sha yi musu ɗauri da salatif. A gaba kuma akwai makunnin mota, fankar esi, abin kunna sigari, duk suna iya ba da tartsatsi. Galibi wutar ba ta tashi lokacin da motar ke ajiye, sai mai ita ya dawo ya murɗa makulli ko ya ƙyasta ashana.

Ga wata matsalar. Gas ɗin girki ana sa masa sinadari mai wari da gangan don a ji in yana yoyo. Na cikin gwangwanin fesawa an tace shi ba ya wari, ƙamshin turaren ko warin maganin kawai za ka ji, sai mutum ya ce ai turare ne ya zube.

Don haka in ka buɗe mota ka ji ƙamshi ko wari ya buge ka fiye da kima, ko ka ga gwangwani ya kumbura, kada ka shiga, kada ka tayar, kada ka kunna komai. Buɗe ƙofofi huɗu da but da hannu, ka ja da baya, ka kori yara da masu shan taba. Ka ba ta minti 15. Sannan ka ɗaga tabarmin ƙasa, ka ɗaga murfin ramin safaya, ka fifita wurin da kwali don gas ɗin da ya kwanta ya fita. Gwangwanin da ya kumbura kada ka ɗauka yana da zafi, kada ka girgiza shi, kada ka kawo fuskarka kusa. Ka bari ya huce tukuna, ka fitar da shi fili cikin inuwa nesa da murhu da janareta.

Direban Yawuri:

To ai in an sassauta gilashi kaɗan, aka sa kayan a but inda rana ba ta gani, ina ganin an rabu da matsala ko?

Malamin Kimiyya, Aleiro:

Ɗan'uwa, sassauta gilashi da faɗin yatsa biyu ba ya rage zafin da wani abin kirki, an gwada an ga bambancin 'yan digiri ne. Amfaninsa ɗaya, yana ba gas hanyar fita, shi ma ba sosai ba tunda gas ɗin ƙasa yake zama, gilashi kuma yana sama.

But ya fi dashbod da bayan kujerar baya sauƙi, wannan gaskiya ne, don rana ba ta dukan kayan kai tsaye. Amma akwatin ƙarfe ne rufaffe da rana ke gasawa ta sama, salansa kuma na bi ta ƙarƙashinsa. A watan Afrilu wuce 50 a cikinsa ba abin mamaki ba ne, ga kuma lissafin da Oga ya kawo. A mota irin Sharon ko Sienna ma babu wani but na daban, duk ɗaki ɗaya ne da gilashi kewaye.

Inuwa ita ce ke aiki, amma ku tuna inuwa tafiya take yi. Motar da ka ajiye gindin dogon yaro da hantsi, ƙarfe biyu tana tsakiyar rana.

Ga Alhajin da ya yi tambaya, tsarin da zan ba shi shi ne: sarin gwangwanaye ya zama aikin ƙarshe, a ɗora a tashi. In da hali a yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar. Katan ya zauna a tsaye yadda kibiyar jikinsa ta nuna, a ƙasan mota bayan kujerar gaba, a rufa masa farin buhu ko kwali, kada a ɗora masa kaya mai nauyi. A bar iska tana shiga yayin tafiya. In dole a tsaya fiye da minti 20 ba inuwa, a sauke katan ɗin a ba wani mai shago ajiya. Kafin a biya kuɗi kuma a buɗe a duba: duk wanda ya lotsa, ko tsatsa ta ci ɗinkin gindinsa, ko ba shi da murfi, a mayar.

Mai Gas, Badariya:

Salamu alaikum. Ku ƙara da waɗannan, don ba sheltos kaɗai ba ne. Laita ta roba da ake jefawa kan dashbod ita ce ta fi saurin fashewa, butan ne a cikinta, jikinta kuma roba. Akwai fentin fesawa, da maganin wanke kafireto, da man fesa tsatsa. Masu gyaran firij da esi su kula ƙwarai: gwangwanin gas ɗin firij R600a aisobutan ne zalla, yana kama wuta. R134a na esin mota ba ya kamawa haka, amma matsinsa ya fi yawa, wajen 70 a digiri 21, kusan 200 a digiri 54, in kuma ya haɗu da harshen wuta hayaƙinsa guba ne. Lemon gwangwani shi ma yana fashewa, sai dai ɓarnarsa a kujera take tsayawa.

Tukunyar gas ta girki kuwa, ko mai kilo 3 ce, ko 6, ko 12.5, ba a cika ta maƙil. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 fili a sama, saboda ruwan gas yana kumbura da zafi nesa ba kusa ba fiye da ruwan sha. Mai cewa a ƙara masa ya cika har wuya, kansa yake cuta: in ruwan ya cike tukunyar babu sauran wurin faɗaɗa, ƙarin digiri kaɗan sai matsin ya yi tsalle. Nauyin tukunyar in ba komai a cikinta a buge yake a jikin mariƙinta, ka haɗa shi da kilon gas ɗin, abin da sikeli ya kamata ya nuna ke nan, kada ya wuce. A mota ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta kada ta gangara, a cire regiuleta, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul a ga ko zai yi kumfa. Daga wurin ɗuri a wuce gida kai tsaye, ba a biya kasuwa da ita.

Gwangwanin da ya ƙare ma kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta, kada yara su huda shi da ƙusa. Kullum akwai saura a ciki.

Oga Makanike, Jega:

Alhaji, na ga ba a taɓa maganar tukunyar kashe gobara ba. Ita daban ce. Mai garin hoda da ake sa wa ƙananan motoci, kilo 1 ko 2, naitirojin ne ke matse ta, ba ya kama wuta, kuma tunda ba ruwan gas ba ne, matsinsa a hankali yake hawa da zafi. Jikinta ma ya fi na sheltos kauri sosai. Yawancinsu an rubuta suna aiki har digiri 60, ka duba taka. Wurinta ƙarƙashin kujerar gaba ne, a ɗaure a mazauninta, inda hannu zai kai kuma rana ba ta gani, ba bayan gilashin baya ba. Duk wata ka duba allurar geji da safe kafin mota ta ɗau zafi, ta kasance cikin kore. Ka juya tukunyar ka ɗan bubbuga gindinta, don girgizar hanya tana sa hodar ta dunƙule. In allura ta faɗi, ko fil ɗin ya cire, ko tsatsa ta kama gindi, a canza.

Maman Khairat, ma'aikaciyar jinya:

Allah ya saka muku da alheri. 'Yan'uwana mata, turaren fesawa da ke cikin jaka yana cikin wannan lissafin, kada a bar jakar kan kujera a shiga gidan biki.

In kuma tsautsayi ya faɗa wuta ta taɓa mutum, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, minti 20 ba tsayawa, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata kada a ja ta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko baƙin mai, kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti, musamman in ƙunar ta shafi fuska, hannu, ko muryar mutum ta dushe, don alama ce zafin ya shiga maƙogwaro. In maganin ne ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu minti 15, a tafi da gwangwanin ko hotonsa don likita ya ga abin da ke ciki.