Tambaya ga masu zane da allin fastel: yaya kuke adana aikinku a laimar Jidda?

Ɗan Fagge a Jidda:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Shekara uku ke nan ina zanen tsofaffin gidajen unguwar Balad da allin launi mai laushi, wanda masu shago a nan suke kira fastel, kuma abin da na fi ɗauka shi ne tagogin katakon nan masu fitowa daga bango, wato rawashin, sai tsohon gidan nan na tarihi, Baitu Nasif, idan hasken la'asar ya sauka a kansa. Tun da UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 baƙi suke ƙaruwa, saboda haka akan sami mai saye. Damuwata ita ce, zane huɗu da na jingine a bayan kabad tun watan Agusta, da na fito da su sai na tarar fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo, wani kuma da na kai aka sa masa firam, garin launin ya tashi ya manne a cikin murfin. Shin laifin allin ne, ko na takarda, ko kuwa Jidda ce ba ta karɓi wannan aiki ba?

Baba na Maiwurno:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allinka ba shi da laifi, kai ne ka ajiye shi inda bai kamata ba. Fastel garin launi ne zalla da aka haɗa da ɗan ƙaro ko wani abu mai danƙo irinsa, gwargwadon abin da zai riƙe shi a hannu kawai, kuma shi wannan danƙon, tare da takardar da ke ƙarƙashinsa, abincin fumfuna ne da zarar sun sha laima. Bayan kabad kuwa iska ba ta ratsawa, ga shi ka zaɓi Agusta, lokacin da rigar mutum take jiƙewa a Jidda kafin ya isa bakin titi.

Mu da muka koyi zane a Khartum, abokin gabarmu ƙurar habub ce, ba laima ba. Na sha zama a Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa kowanne da launin ruwansa, ina ƙoƙarin kama wannan iyaka da ke tsakaninsu, sai sama ta yi ja daga gabas, dole in naɗe takarda in nemi mafaka. Amma a can duk abin da ka ajiye a bushe zai zauna a bushe. Da na dawo Hijaz sai da na sake koyon ajiya daga farko: kowane zane a kwance, fuskarsa sama, a rufe shi da takarda mai santsi da ake kira gilasin, a ajiye a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki take aiki a kai a kai, nesa da bangon da ke kallon waje. Kada ka bari wannan hasara ta sa ka raina allin. Ba shi da man da zai yi rawaya da tsufa, shi ya sa zanen Dega na Faransa, wanda ya rasu a 1917, har yau launinsa yake da rai.

Mai Firam na Bab Makka:

Malam, batun murfin nan namu ne, kuma ina da yaƙinin roba aka sa maka a maimakon gilashi. Robar nan mai kama da gilashi, idan aka goge ta da tsumma, tana ɗaukar irin ƙarfin da ke sa mataji ya janyo guntun takarda, to haka take tsotso garin fastel daga jikin zane. Gilashi na ainihi za ka nema, kuma kada ya taɓa zanen ko kaɗan: a sa kwali mai kauri a tsakani, a bar ɗan rami a ƙasa ta ciki domin garin da zai zubo ya faɗa can, kada ya ɓata farin kwalin. Kafin ka kawo, ka tsayar da zanen ka ɗan bubbuga bayansa, abin da bai kama ba ya zube tun a gida.

Hajiya ta Abha:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da duk abin da ka faɗa, sai dai ina so in ja kunnen ƙanena kan abu ɗaya da na san masu shago za su tura masa, wato maganin feshi da suke kira musabbit. Yana kama garin, gaskiya ne, amma yana duhunta launi, musamman fari da ruwan ƙasa mai haske, waɗanda su ne ran bangon Balad, tun da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina shi da shi. Ni ina fesawa ne a shimfiɗar farko kawai, ta launuka masu duhu, sa'an nan in ɗora masu haske a kai in bar su yadda suke. Abin da ya fi feshi amfani shi ne takarda mai kaushi kamar ta goge katako, domin haƙoranta suna riƙe launi hawa-hawa.

A nan Abha, a kudu maso yammacin Saudiyya, mun haura mita 2,000 daga teku, hazo yakan rufe dutse ya buɗe cikin minti kaɗan, kuma nan ne fastel ya fi fenti, domin ba a jiran ya bushe. Gidajen dutse na Rijal Alma na zana su ya fi sau goma, ban taɓa samun haske iri ɗaya ba. Game da kasuwa kuwa, na lura mutanenmu sun fi sakin jiki da zanen gini da dutse da bishiya, saboda sanannen jawabin da Ibnu Abbas ya ba wani mai zane, cewa idan ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Idan za ka zana kasuwar Alawi, ka gwada ta da sassafe kafin a buɗe shaguna. Kuma ka daina hure garin da baki, wasu launukan suna da sinadaran da ba a so su shiga huhu. Ka karkato allon gaba kaɗan, garin ya zuba a kan jiƙaƙƙen tsumma.

Ɗan Fagge a Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba murfin, roba ce kamar yadda Mai Firam ya faɗa. Baba, saura tambaya ɗaya: waɗannan huɗun da fumfuna ta taɓa, akwai yadda za a ceto su, ko in haƙura in koma Balad ranar Asabar in sake zana su?