Libobin motar da na haɗa sun ƙi zama a firi, masu sani a taimaka

MaiWalda_ƘofarƘaura:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ni mai walda ne a nan cikin Katsina, akwai wata 'yar mota da nake haɗawa a hankali duk sanda aiki ya yi sauƙi, don ɗibar taki da kwaso tumatur a gonar yayana can wajen Ajiwa, inda Napep ba ta iya shiga saboda rairayi. Ba giya ba kuloci, man da famfo ke turawa shi ke juya tayoyinta. Famfo biyu ne na kamfanin Hydro-Gear da moto biyu masu juya taya da na samo a Panteka Kaduna, an ciro su daga irin injin yankan ciyawar nan da ake hawa, sai na ɗora masu inji mai doki 13 irin GX390, bel ɗaya ke juya su duka. Kowane famfo da libarsa, ka tura duka biyun gaba ta tafi, ka jawo ta yi ribas, ka tura ɗaya ka jawo ɗaya ta juya a inda take.

Tafiya kam tana yi wallahi har da gudu. Damuwata ita ce in na saki libobin ba su zama a tsakiya, wato firi, in inji na sulo sai ta riƙa rarrafe a hankali, in kuwa na ƙara totur sai libar hagu ta fara sulalewa gaba da kanta motar ta kama kewaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Yanzu haka bulo nake sa wa taya kafin in ja igiyar tayarwa, yaron shagona kuma ya riƙe libobin da hannu biyu. Na sa sifirin biyu kowace liba, ɗaya na ja gaba ɗaya na ja baya, ba abin da ya canza sosai. Na ɗaure notin gindin libar tamau, ta yi tauri na ɗan lokaci jijjiga ta sake kwance shi. Libobin da fayif ɗin ruwa na yi su, tsayinsu ya kusa mita ɗaya, rodi ne ya haɗa su da ɗan hannun famfo da ƙusa da noti. To mi zan yi ne? Allah ya saka da alheri.

TsohonBakanike_Daura:
Wa alaikumus salam. Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa hannu albarka. Ɗaure noti kaɗai ba zai riƙe ba, ƙarfe ne kan ƙarfe, yau ya kama gobe ya saki. Je wajen masu gyaran mashin ka karɓi tsohon faifan kuloci na Boxer ko Jincheng, ko ka yanko fatar birki, ka sa tsakanin gindin libar da jikin firam, ka sa washa mai faɗi ta bayansa, sannan sifirin ɗin bawul na mota, sannan noti biyu ka kulle su da juna. Sifirin ɗin shi zai riƙa danne fatar kullum ko da ta ci. Inda ka aje liba nan za ta zauna. Irin haka hannun totur na tsofaffin taraktoci yake, kuma shekara da shekaru yana aiki ba ya motsi sai ka taɓa shi. Kada dai giris ya taɓa wurin. Sannan ka rage tsayin fayif ɗin nan, mita ɗaya ya yi yawa, nauyinsa ma kaɗai ya isa ya ja famfo in ya ɗan kwanta gaba.

Injiniya_Batagarawa:
Baba na gaishe ka, maganar rage tsayin liba da nauyinta gaskiya ce ba ja. Amma a yi mani afuwa, fatar kulocin nan ni ba zan ba shi shawarar ya dogara da ita ba a motar da liba biyu ce sitiyarinta. Ita fata inda aka bar liba nan take riƙe ta, ba ruwanta da firi ne ko ba firi ba. In ya faɗo daga kujera a kan kunya motar na cikin tafiya, haka za ta ci gaba da tafiya ba kowa a kai. Totur ɗin tarakta daban ne, can akwai kuloci da birki a ƙarƙashin ƙafarka.

Malam mai walda, ka fara gane abin da ke cikin famfon tukuna. Akwai wani faranti da ƙananan fistin ke zagayawa suna takawa a kansa, ɗan hannun nan na waje shi ke karkata farantin. In ya miƙe cak fistin ba su shiga ba su fita, mai ba ya tafiya, shi ne firi. Duka karkatar da yake yi daga firi zuwa ƙarshen gudu ba ta wuce kamar digiri 15 zuwa 18 a yawancin irin waɗannan famfunan, to ka ga firi ɗin ɗan siririn wuri ne ƙwarai. Yi lissafi da kanka, in hannun famfon santimita 10 ne, digiri ɗaya a bakinsa bai kai milimita 2 ba. Kai kuma ka huda rami da dirila ka zura ƙusa, na tabbata in ka kama rodin ka girgiza za ka ji ƙwas-ƙwas, ramin sama da na ƙasa in ka haɗa wasansu ya fi milimita 2 nesa ba kusa ba. Wato liba na iya tsayawa daram a tsakiya famfo kuma yana can yana abin da ya ga dama. Shi ya sa duk dabarar da za ka yi a jikin libar ba za ta gama maka ba, a jikin hannun famfon ake riƙe firi.

Sifirin biyu masu jan juna da ka sa kuwa dama ba su aiki, ba kai ka fara ba. A tsakiya ƙarfinsu na kashe juna, in liba ta goce kaɗan ƙarfin da zai maido ta ɗan mitsitsi ne, jijjigar inji mai silinda ɗaya da turin da fistin ke yi wa farantin sun fi shi. Abin da ake so sifirin ɗaya ne wanda aka riga aka matse shi, mai wurin tsayawa na ƙarfe. Ga yadda za ka haɗa a shagonka: samu guntun fayif kamar tsawon tafin hannu, ka sa sifirin mai ƙarfi a ciki da washa mai kauri a kowane bakinsa, ka toshe bakunan fayif ɗin biyu da zobe yadda washa ba za ta fita ba kuma sifirin na a matse. Sai ka zura rodi mai zare ta tsakiya, ka sa noti a bayan kowace washa ya taɓa ta kawai, ba matsi ba sako-sako, ka kulle da noti na biyu. Yanzu ko ka tura rodin ko ka ja shi sifirin guda ɗin nan kake ƙara matsewa, ka saki ya koma har washa ta daki zobe, wuri ɗaya kullum. Bakin rodin ya kama hannun famfo, gindin fayif ɗin kuma ya kama wani ƙarfe ta hanyar zare don ka samu wurin saiti.

Wannan ƙarfen a jikin famfon za ka ɗaure shi, ko a farantin da famfon ke zaune a kai, kada ka kai shi jikin firam. In firam ɗinka na lanƙwasa ko bel na jan famfon in an ba da wuta, to famfon ne ke motsi rodi na tsaye, ina zargin ma shi ya sa ta hagu ke tafiya in ka ƙara totur. Kamfanin su kansu suna yin famfunan da wani abu mai kama da almakashi da sifirin a kan hannun, aikinsa ke nan, ka duba naka ko akwai ramukan ƙusa da ba komai a kewayen shaf ɗin, wataƙila masu kwancewa ne suka cire.

Ɗan_Mashi:
Hhhh Oga mai walda ashe kai ne, ran nan na wuce na ga yaro ya rungume fayif biyu yana zufa na ɗauka horo ake ba shi. Ni ba injiniya ba ne amma na ja ƙaramar loda mai irin wannan tafiyar a wajen aikin gini, abu ɗaya zan ce, ko firi ɗinka ya zauna daidai ka sa mata birkin hannu. Mai yana ɗan sulalewa ta cikin moto, ka aje ta a gangare da lodin taki ka je shan ruwa ka dawo ka tarar ta sauka fadama. Kuma don Allah a daina sa yaron nan tsayawa gaban taya.

MaiWalda_ƘofarƘaura:
Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma, Ɗan Mashi yaro ya koma gefe tun ɗazu. Injiniya na je na girgiza rodin kamar yadda ka ce, wallahi ramin ƙasa na hagu har ya zama kamar ƙwai, ƙusar na yawo a ciki. Kuma farantin da famfunan ke kai mai milimita 3 ne, na sa yaro ya ba da wuta ina kallo da idona yana ɗan sunkuyawa wajen fuli. Zan canza shi da mai kauri in sa masa haƙarƙari. Tambayata biyu, mi zan sa a madadin ƙusar nan, sannan ta yaya zan gane ainihin inda firi yake tunda ba alama a jikin famfon?

Injiniya_Batagarawa:
Madalla. Wajen haɗin ka nemi 'yan ƙananan kan rodi masu ƙwallo, irin na rodin canjin giyar manyan mashina ko na sandar sitabilaiza ta mota, in ba ka samu a nan ba Ƙofar Ruwa a Kano ba za a rasa ba. In da hali ka samu mai zaren dama a baki ɗaya mai zaren hagu a ɗayan, sai ka riƙa juya rodin kawai yana tsawo yana gajarta ba sai ka kwance ba. Gindin libar kuma ka sa boris ko bushin.

Neman firi kuwa, ɗaga motar ka ɗora ta kan kututture mai ƙarfi tayoyin ja duka biyu na lilo, kada ka yarda da jak kaɗai. Cire rodin liba gaba ɗaya. Ka tabbata bawul ɗin nan da ake buɗewa in za a tura motar da hannu a rufe yake ruf. Tayar da inji ka bari mai ya yi zafi, don na sanyin safiyar hunturu da na ranar bazara ba ɗaya suke nunawa ba, sannan ka ba ta wuta sosai, saitin da aka yi a sulo ƙarya yake yi. Tura hannun famfon a hankali har taya ta fara motsi gaba ka yi alama da alli, dawo da shi har ta fara ribas ka sake alama, tsakiyar alamun biyu nan za ka saita fayif ɗin sifirin ɗin ka kulle. Ka gama ɗaya ka koma ɗayan. Sai daga ƙarshe ka maida rodin liba, kuma rodin ne zai bi famfo, in ka ga sai ka ja hannun famfon kafin ƙusa ta shiga to tsawon rodin za ka gyara.

In libar na fizga in an saki, a nan fatar Baba za ta yi amfani, ka sa ta sako-sako yadda sifirin zai rinjaye ta. Wane mai ka zuba ma tukuna? Irin waɗannan famfunan baƙin mai 20W-50 suke so, kuma in akwai iska a layin za ka ji suna kuka taya na tafiya da tsalle-tsalle, saiti ba zai zauna ba sai ka fitar da ita.

TsohonBakanike_Daura:
To Injiniya na ji, 'yan boko kun fi mu lissafi. Amma yaro ka yanka ɗan faranti mai tsaga a gaban kujera inda libobin za su faɗa gefe su kulle in za ka sauka, sifirin na karyewa, na ga ya karye. In ka zo Daura da ita ka biyo ta gareji in hau.