Ƙauyen Faransa mai mutum ɗari, har da magajin gari?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga bayanin wasu ƙauyukan manoma a Faransa, wani mutanensa ba su kai ɗari biyu ba, amma ga magajin gari ga kansiloli. Ƙidayar wajen 1850 kuma ta fi ta yau nesa ba kusa ba. Kuskuren lissafi ne?

Malam Na Gwale: Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, ɗan uwa. Kar ka auna da ƙananan hukumominmu, Kano 44, Najeriya 774. Su abin da suke kira komin, wato ƙaramar hukumar gari ko ƙauye, kusan 35,000 ne, dokar Disambar 1789 ta kafa su, galibi a kan iyakokin cocin kowane ƙauye. Mai ƙasa da mutum 100 kansila 7 gare shi, daga 100 zuwa 499 kansila 11, su ke zaɓar magajin gari a cikinsu duk shekara 6.

Maganar raguwa, matasa ne suka bi jirgin ƙasa zuwa masana'antun birni. Daga 1860 da 'yan kai wani ƙwaro ya cinye saiwar inabi, gonaki suka mutu. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ci Faransawa kimanin miliyan 1.4, shi ya sa kusan kowane ƙauye akwai ginshiƙi a dandali ɗauke da sunayen mamatan. Bayan 1945 tarakta ta zo, aka haɗe ƙananan gonaki, aikin gayya ya koma hannun mutum ɗaya.

Hajiya Tarauni: Malam ya gama magana, sai dai a kula da karanta lambar. Tun 2004 hukumar ƙididdigar Faransa, INSEE, ba ta ƙirga ƙasar a lokaci guda. Garin da bai kai mutum 10,000 ba sau ɗaya ake ƙirga shi a shekara 5, bi da bi. Kuma mai gidan hutu ba a sa shi cikin mazauna, sai ka ga gidaje fal, mutane kaɗan. In cunkoso kake nema, raba mutanen da murabba'in kilomita. Masu kuskure da hekta suke rabawa, alhali hekta 100 ce murabba'in kilomita ɗaya.

Malam Na Gwale: Haka ne Hajiya. Kusa da garin Verdun ma akwai ƙauyuka 6, irin su Fleury-devant-Douaumont, da yaƙin 1916 ya share. Ba kowa a ciki, amma har yau wakilin gwamnati a lardin yana naɗa musu magajin gari.